Ajiyar Kwari da Baka a Ƙasar Zafi

A watan Yunin shekarar 1804, a bakin Tabkin Kwatto, rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai dawaki da lifida ta gwabza da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda akasarinsu a ƙasa suke tafe, riƙe da kwari da baka. Masu baka ne suka yi rinjaye a wannan rana, kuma abin da ya biyo baya ya sauya tarihin ƙasar Hausa. Bayan shekaru fiye da 200, bindiga ta karɓe fagen yaƙi, amma baka bai gushe daga rayuwarmu ba. Yana nan a kafaɗar maharba a ƙauyuka. Yana nan a hannun 'yan baka da ke tafe cikin tawagar sarki ranar Hawan Sallah, bikin da hukumar UNESCO ta sanya na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada a shekarar 2024. Yana nan rataye a zaurukan gidajen da suka gaji sarautar Sarkin Baka. A 'yan shekarun nan kuma wani sabon baka ya shigo, na masana'anta, wanda matasa ke saye da kuɗi masu yawa domin wasan harbi.

Abin da ya haɗa tsohon baka da sabo shi ne inda suke kwana. Baka yana yin aiki na 'yan daƙiƙu a kowane harbi, sauran rayuwarsa kuwa a ajiye yake yin ta. Saboda haka mafi yawan bakunkunan da suka lalace, a wurin ajiya suka samu cutar da ta kashe su, ko da a fagen harbi ne suka karye. A ƙasa irin tamu, inda bazara da damina da hunturu ke karɓa-karɓa, wannan batu ya fi ƙarfin a bar shi ga sa'a.

Abin da ke faruwa cikin itacen

Domin a fahimci illar zafi, sai an fara fahimtar yadda baka ke aiki. Idan maharbi ya ja tsirkiya, bayan bakan, wato ɓangaren da ke fuskantar abin hari, yana miƙewa, cikinsa kuma, wato ɓangaren da ke fuskantar maharbin, yana matsewa. Ƙarfin damtsen maharbi yana taruwa a cikin itacen, kuma da zarar ya saki, itacen ya zabura ya koma yadda yake, ya miƙa wa kibiya ƙarfin da ya tara. Darajar baka duka tana ga wannan zabura. Bakan da ya manta yadda ake komawa daidai ya zama sanda.

Itace tarin siraran zaruruwa ne da wani sinadari na halitta ya manne su, kuma wannan sinadari yana yin taushi idan ya gamu da zafi, musamman idan akwai danshi. Masu sassaƙa baka sun san haka tun kafin a rubuta shi a littafi. Shi ya sa suke gasa gora ko reshen dargaza a kan garwashi su miƙar da shi, haka kuma suke yi wa kyauron kibiya idan ya karkace. Ana gasawa, a tanƙwara, a riƙe har ya huce, sai ya zauna a sabuwar sifar. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai sana'a ya san cewa busasshe ma wuta na iya sa ya yi biyayya.

To, wanda ya bar bakansa ɗame da tsirkiya a cikin rana, ko a ɗakin da ya ɗauki zafi, aikin nan na gashi yake maimaitawa ba tare da ya sani ba. Zafi yana tausasa itacen, tsirkiya tana riƙe da shi a tanƙware, dare ya yi ya huce a haka. Bayan makonni, ko an kwance tsirkiyar ba zai miƙe ba. Ƙarfinsa ya ragu, kibiyarsa ta daina kai wa inda take kai wa, kuma wannan rauni ba ya warkewa gaba ɗaya.

Maƙiya uku a shekara guda

Yawancin shawarwarin ajiyar baka da ake samu a intanet, mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta su daidai da yanayinsu. Namu yanayin ya sha bamban, domin bakanmu yana fuskantar maƙiya uku, kowanne da lokacinsa.

Na farko shi ne bazara. A watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma wannan awo a inuwa ake ɗaukar sa. Ƙarƙashin rufin kwano marar silin, zafin ya fi haka nesa ba kusa ba. Cikin motar da aka rufe a rana kuwa, gwaje-gwaje sun nuna cewa zafi yakan ƙaru da kimanin digiri 20 a kan na waje cikin sa'a guda, kuma mafi yawan ƙarin a rabin sa'ar farko yake aukuwa. Ke nan motar da aka ajiye a kasuwa da azahar a ranar da zafi ya kai digiri 42, cikinta zai iya wuce digiri 60 kafin mai ita ya gama ciniki.

Na biyu shi ne damina. Itace yana shan laimar iska kamar yadda gishiri ke sha, sai dai a hankali. Masu sassaƙa baka sun fi son danshin itacen ya tsaya wajen kashi 8 zuwa 12 cikin 100 na nauyinsa. A watan Agusta, idan laimar iska ta kai kashi 80 ta daɗe a haka, danshin itace yakan doshi kashi 16. Irin wannan baka yakan yi sanyin jiki, ya yi nauyin zabura, kuma ya fi saurin riƙe tanƙwara. Tsirkiyar fata ko ta jijiya takan saki, fumfuna ta kama kwarin, tsatsa ta ci bakin kibau.

Na uku shi ne hunturu, wanda mutane da yawa ba sa lissafawa saboda sanyinsa. A watannin Disamba zuwa Fabrairu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20, danshin itace kuma ya sauka ƙasa da kashi 5. Iskar da ke tsaga leɓe da dugadugai, ita ce ke tsaga ƙofofin katako, ita ce kuma ke mayar da baka mai gautsi. Bakan da ya bushe haka yakan ƙara tauri, mai shi ya yi murna ya ce ya ƙara ƙarfi, alhali yana dab da karyewa. Kuma hunturun ya zo daidai da lokacin farauta, lokacin da aka fi jan baka.

Kumburin damina da ƙanƙancewar hunturu, shekara bayan shekara, su ne ke buɗe ƙananan tsaga a jikin itace, zafin bazara kuma ya faɗaɗa su. A gefe guda ga gara, ga ƙwarin nan masu huda itace su bar gari a ƙasa, waɗanda suka fi son gora fiye da kowane itace.

Darasi daga Koriya da Ingila

Al'ummomin da suka shahara da harbi sun ɗauki wannan batu da muhimmancin da ya kai ga fadar sarakuna. A yankin Asiya, daga ƙasar Turkawa zuwa Mongoliya da Koriya, akan haɗa baka ne daga abubuwa uku: itace a tsakiya, ƙaho a ciki, jijiyar dabba a baya, a manne su da gam ɗin da aka dafa daga fata ko daga jikin kifi. Irin wannan baka gajere ne, amma yana jifa nesa ƙwarai. Rauninsa yana ga gam ɗin, domin zafi mai haɗe da laima yana narkar da shi.

A shekarar 1388, sarkin daular Goryeo ta Koriya ya umarci ɗaya daga cikin manyan kwamandojinsa, Yi Seong-gye, da ya kai hari yankin Liaodong da ke ƙarƙashin daular Ming ta ƙasar Sin. Kwamandan ya kawo dalilai huɗu na ƙin wannan yaƙi, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne cewa lokacin zafi da ruwan sama ne, gam ɗin bakunkuna zai saki, cuta kuma za ta kama dakaru. Sarki ya ƙi ji. Da rundunar ta isa tsibirin Wihwa a kogin Yalu, kwamandan ya juya da ita zuwa babban birni ya karɓe iko, kuma a shekarar 1392 ya kafa daular Joseon, wadda ta yi mulki fiye da shekaru 500. Ko da siyasa ce ainihin abin da ke ransa, kawo batun gam a matsayin hujja a gaban sarki ya nuna cewa kowa a fadar ya san gaskiyar lamarin. Har yau masu harbin gargajiya a Koriya sukan kwance bakansu na ƙaho su ajiye shi cikin akwati mai ɗan ɗumi domin korar laima. Wannan ya nuna cewa ɗumi mai sauƙi, ga bakan da aka kwance, ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne zafi mai tsanani, ko zafi da laima, ko zafi a kan bakan da ke ɗame.

Darasi na biyu daga Ingila yake. A shekarar 1545 jirgin ruwan yaƙi na Sarki Henry na Takwas mai suna Mary Rose ya nutse kusa da Portsmouth, kuma ba a ɗago shi ba sai a 1982. A cikinsa an samu dogayen bakunkuna fiye da 100 da dubban kibau, da yawa daga cikin bakunkunan da sifarsu cikakkiya. Sun shafe shekaru 437 binne cikin laka, babu hasken rana, babu iskar da ƙwayoyin ruɓa ke bukata, sanyin wurin kuma bai cika sauyawa ba. Ba a cewa kowa ya binne bakansa a tabki, amma akwai abin lura a nan: itace yana jure yanayi guda na tsawon ƙarnuka, abin da ba ya jurewa shi ne yawan sauyi. Dalili ke nan da masu kula da gidajen tarihi ke ƙoƙarin tsayar da laimar ɗakunan ajiyarsu tsakanin kashi 40 zuwa 60.

Bakan zamani bai tsira ba

Akwai masu zaton cewa bakan masana'anta ya fi ƙarfin waɗannan matsaloli. Gaskiya ne ya fi jure laima, kuma gara ba ta cin sa. Amma game da zafi, a wasu fuskoki ya fi na gargajiya rauni. Bakan da ake harbi da shi a gasar Olamfik, inda ake auna abin hari daga nisan mita 70, hannuwansa falle-falle ne na itace ko soso mai tauri da zaren gilashi ko na kabon, an manne su da gam ɗin da ake kira epoksi. Akan gasa wannan gam a masana'anta domin ya kama, kuma idan zafi ya sake kusantar wanda aka gasa shi da shi, sai ya fara taushi. Ga ire-irensa da yawa, digiri 60 zuwa 80 ya isa. Mai karatu zai tuna cewa cikin mota a bazara yana shiga wannan iyaka. Sakamakon shi ne hannun bakan ya murɗe, ko fallayen su rabu. Wani lokaci rabuwar ba ta bayyana a ido sai ranar da aka ja bakan ya tarwatse.

Akwai kuma baka mai ƙananan tayoyi a ƙarshen hannuwansa, wanda wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen ya ƙirƙiro, ya kuma samu rajistar haƙƙin ƙirƙirarsa a 1969. Wannan baka kullum a ɗame yake, ba a kwance shi sai da na'urar matsa shi. Tun da ba ya samun hutu, kariyarsa kaɗai ita ce a nisanta shi daga zafi. Tsirkiyarsa ta zaren roba ce, kuma zafi yana sa ta yi tsawo a hankali, kakin da aka shafa mata ya narke ya tsiyaye, tayoyin su daina juyawa tare, saitin ya ɓaci. Wanda ya sayi irin wannan kaya da dala, a ƙasar da samun kayan gyaransa ke da wuya, asara ce babba ya bar shi a bayan mota na yini guda.

Hatsarin kuma bai tsaya ga aljihu ba. Baka yana karyewa ne a lokacin da aka ja shi iyaka, lokacin da tsirkiya ke jikin fuska, itacen kuma cike da ƙarfi. Ɓaraguzan ba su da inda za su nufa sai ido da goshi da hannun maharbi, ko na wanda ke tsaye kusa da shi.

Yadda ya kamata a ajiye shi

Magabata ba su da ma'aunin zafi, amma gidajensu sun yi musu rabin aikin. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana jinkirta shigar zafin rana, yana kuma rage saurin sauyin laima. Ɗan hayaƙin da ke ratsa ɗakin ciyawa yana korar ƙwari. Da muka koma ginin bulo da rufin kwano, mun kwaso bakan mun bar yanayin da ya raya shi. Don haka abin da gini ke yi a da, yanzu sai mai baka ya yi shi da kansa.

Matakin farko shi ne a kwance tsirkiya, ko a sassauta ta sosai, da zarar an gama harbi. Wannan ya shafi kowane bakan itace ko na ƙaho, kuma shi ne mafi aminci ga bakan gasa a yanayinmu. Na biyu, a zaɓi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a kuma guji bangon yamma da rana ke duka da la'asar, da saman silin, da madafa, da ɗakin janareta. Ma'auni mai sauƙi shi ne: wurin da mutum ba zai iya yin barcin rana a cikinsa ba, bai dace da baka ba. Na uku, a kwantar da shi a kan turaku biyu a bango, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da rufi saboda zafi. Jingine shi a lungu yana ɗora nauyinsa duka a kan ƙafa guda, kuma da daɗewa ƙafar za ta karkace.

Na huɗu, a riƙa shafa wa bakan itace mai kaɗan, kamar man kaɗanya, ko kakin zuma, a goge har ya shige, musamman gab da damina da gab da hunturu. Man ba ya hana itace shan laima ko fitar da ita, amma yana rage saurin abin, kuma saurin ne ke tsaga itace. Tsirkiyar zare ma tana son kaki. Kada a naɗe baka cikin leda da damina, domin leda tana tsare gumi. Ƙyallen auduga ya fi. Na biyar, idan tafiya ta kama a mota, baka ya shiga tare da mutum ya fita tare da shi. In kuwa aka yi rashin sa'a ya gasu, kada a ɗame shi ko a ja shi da zafinsa. A bar shi ya huce a inuwa na wasu sa'o'i, kuma kada a watsa masa ruwa.

Bakan da ya daɗe a ajiye yana bukatar a bi shi sannu. A duba jikinsa a cikin haske, a shafa shi da auduga, domin duk inda ta maƙale akwai tsaga. A ɗaura tsirkiya a bar shi ya ɗan zauna, sannan a ja kaɗan-kaɗan ana saurare. Ƙara ko ƙas-ƙas alama ce ta a dakata. Kuma kada a taɓa jan baka a saki babu kibiya, domin ƙarfin da kibiya za ta tafi da shi zai koma kan itacen. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda zai fita Hawan Sallah ko farauta, makonni kafin ranar ya kamata ya duba kayansa.

Kwarin ma yana da nasa hukunci, kuma shi ne ya fi shafar rai. Dafin da maharba ke dafawa daga kwankwani yana tsayar da bugun zuciya, kuma sinadarinsa ba ya saurin mutuwa. Masu aikin gidajen tarihi a duniya suna ɗaukar kowace tsohuwar kibiya a matsayin mai dafi, komai yawan shekarunta, ba sa taɓa bakinta da hannu tsirara. Kwarin kaka da ke rataye a zaure inda jikoki ke wasa ya cancanci akwati mai kwaɗo, kuma ya fi kyau a raba wurin ajiyar kibau da na baka.

Abin da ya rage gare mu

Takobi da mashi da sulke suna iya jiran ƙarni guda kafin a waiwaye su, domin ƙarfe ne. Baka itace ne da fata, ba ya jira. Masu sassaƙa shi suna raguwa, kuma kowane tsohon baka da gara ta cinye ya tafi da bayanin irin itacen da aka zaɓa, da yadda aka gasa shi, da yadda aka murɗa tsirkiyarsa. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama na Kano da gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ba za su iya ɗaukar komai ba. Mafi yawan wannan gado yana hannun iyalai ne.

A ganina akwai aikin da ba ya bukatar kasafi mai nauyi. Masarautu za su iya sa Sarakunan Baka su ƙididdige tsofaffin bakunkunan da ke ƙasarsu, a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan itacen da tarihin gidan. Sassan nazarin tarihi da na harsunan Nijeriya a jami'o'inmu za su iya tura ɗalibai su zauna da tsofaffin maharba su naɗi iliminsu na zaɓen itace da kula da shi, sassan kimiyya kuma su auna yadda itatuwanmu ke amsa hunturu da damina, domin mu samu ƙa'idar ajiya da aka gina a kan yanayinmu. Ƙungiyoyin wasan harbi su koya wa sabon shiga yadda ake ajiye baka kafin su koya masa saiti. Wanda kuma ke da tsohon baka a gida, abin da ake nema gare shi bai fi aikin minti goma ba: ya sauko da shi daga ƙarƙashin kwano, ya kwance tsirkiyar, ya shafa masa mai, ya kulle kibau, tun bazara mai zuwa ba ta iso ba.